Injin Baba da Baƙin Akwati

Babana masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, akushi, muciya, ƙotar fartanya, duk abin da ake fitarwa daga itace ya fitar da shi da gizago tun kafin a haife ni. Ranar kasuwar Batsari wurinsa sananne ne, gindin wata bedi a layin masassaƙa, inda mata kan zo su ƙwanƙwasa turminsa su kasa kunne kafin su taya. Ya fi shekara arba'in yana wannan zama, sai kafaɗarsa ta dama ta ce ta gaji. Da farko in ya ɗaga gizago sai ya cije leɓe, daga baya ko buta sai da hannun hagu. An yi ƙaho, an yi na sha da na shafawa, na kai shi asibiti Katsina, likita ya ce gaɓar ce ta cinye, sai dai a lallaɓa.

Ranar kasuwa ta farko da bai fita ba ina gida. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta fita, ya zo ya zauna a zaure yana kallon masu wucewa da kaya a ka. Duk wanda ya gaishe shi sai ya ce yanzu zai taso. Har aka kira la'asar bai taso ba, ya shiga ciki ya tuɓe rigar. Abin ya tsaya mani a rai ƙwarai, don na san mutumin nan ba yunwa yake tsoro ba, muna nan mu 'ya'yansa. Zaman banza yake tsoro.

Ni ne ɗan fari, kuma wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi maganata sai ya ce "malamin nan na Safana," don a can nake koyarwa a firamare. Ni ma ban taɓa zama na dubi idonsa na yi masa doguwar magana ba. In durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, in tashi, shi ke nan. Duk abin da ke tsakaninmu ta hannun ƙanensa yake bi, Baffa, wanda a ɗakin matarsa aka yaye ni. In Baba na son in zo da taki, Baffa ne zai gaya mani. In ina son Baba ya sha maganinsa, Baffa zan gaya wa. Haka na taso, ban taɓa ganin aibin abin ba.

Shi kuwa Baffa, Allah bai hore masa kalmar "ban sani ba." Batir da fitila da 'yan tarkacen rediyo yake sayarwa a bakin tasha, daga nan ya naɗa kansa injiniyan unguwa. Fankar masallacinmu shi ya gyara ta, tun daga ranar take juyawa da baya. Ya buɗe rediyon limaminmu ya rufe, aka sami rarar kusoshi uku a kan tabarma, ya ce dama masu ƙira ne suka yi almubazzaranci. Ana dariya, ana ci gaba da kai masa kaya, saboda yana da baki, kuma ba ya karɓar ko kwabo.

A Safana na ga injin. Wani kafinta ne da ya daɗe yana aiki a kudu ya dawo gida da shi, injin gurzar katako, wanda ake ɗaure itace a tsakaninsa ya riƙa juyawa, mutum ya ɗora ƙarfe mai kaifi kawai yana bi. Na taɓa tsayawa a shagon na ga an fitar da ƙafar gado kafin in gama cin rake ɗaya. Da kafintan ya rasu injin ya faɗa rabon ɗansa, ɗan kuwa acaɓa yake yi, ya sa shi a kasuwa. Ina jin labarin, sai Baba ya faɗo mani a rai. Wannan aiki ba ya son ɗaga hannu sama, injin ke wahala, mutum riƙo ne nasa. Na gaya wa Baffa, Baffa ya gaya wa Baba, kwana biyu amsa ta dawo: a sayar da shanun huɗa. Dama gonar da ke wajen daji damina biyu ke nan ba mai iya zuwa, shanun ci kawai suke yi. Duk da haka na yi mamaki, don Baba mutum ne da kan yi wata guda yana shawarar sayen takalmi.

A a-kori-kura muka kawo shi, ƙarti shida suka sauke shi a zaure. Baba ya kewaye shi ya fi sau goma, yana shafa shi da hannun hagu. Ya shiga ciki ya jawo wani guntun ƙirya da ya ɓoye tun lokacin da ake shiga daji, ya ce taɓarya za a fara yi da shi. Ya zauna da dutsen washi yana wasa ƙarafan da suka zo tare da injin. Daga tsakar gida na ji yana yi wa innarmu tsiya, yana cewa ta shirya, mata za su dawo yi mata layi a ƙofar gida kamar da. Rabon da in ji muryarsa haka har na manta. Wuta kuwa an fi mako ba a kawo ta unguwarmu ba, don haka ba a yi maganar gwadawa ba a ranar.

Washegari da safe na ɗauki tsumma ina goge injin, sai na lura da filoginsa. Haƙoransa biyu ne masu faɗi, ba irin namu ba, ba za su shiga soket ɗinmu ba. Na bi wayar har jikin injin, na tarar da wani ɗan faranti na ƙarfe da maiƙo ya rufe. Na kankare shi da farce. Ƙarfin wutar da injin ke ci aka rubuta, ɗari da goma. Ni ba injiniya ba ne, amma ko 'yan aji shida ina koya masu cewa tamu ɗari biyu da ashirin ce, ko ma fiye. Ninki biyu ke nan. Injin an ƙera shi ne don wata ƙasa daban, in aka ɗura masa wutarmu kai tsaye koyil ɗinsa zai ƙone.

Na fita waje na kira ɗan kafintan, na tambaye shi yadda mahaifinsa ke tayar da shi.

"Au, ai akwai wani baƙin akwati da yake jonawa tukuna," in ji shi. "Nauyi gare shi kamar dutsen niƙa."

"Ina akwatin?"

"Ya faɗa rabon yayata. Tana aure a Darini."

Ashe masu rabon gado sun shiga shagon mamaci sun jera kaya a ƙasa, suka ba wannan inji, suka ba waccan ƙaramin taransifoman da ke rage masa ƙarfin wuta, kamar a ba wani turmi a ba wani taɓarya a ce an yi adalci. Dattawa ne, sun san ƙa'idar rabo sarai, amma babu ɗaya da ya durƙusa ya ga inda wayar ta nufa. Shi kuma ɗan ya sani, ya karɓi kuɗin shanun Baba ya yi shiru. Da na yi masa magana sai ya ce ai ban tambaya ba. Na ce Allah ya isa a zuciyata, na kashe wayar.

Yanzu na zo wurin da har gobe ba na son tunawa. Na koma zaure, Baba na zaune a kan buzunsa yana washi, tsakanina da shi bai fi kamu uku ba. Baffa na tsaye kan injin yana bayyana wa wani maƙwabci yadda yake aiki, shi da bai taɓa ganin irinsa ba sai jiya. Maimakon in buɗe baki a nan, sai na yi abin da na saba. Na yafito Baffa muka fita ƙofar gida, na rage murya.

"Baffa, don Allah kada a jona injin nan sai na dawo. Wutarmu ta yi mashi yawa, ƙonewa zai yi. Akwai akwatinshi a Darini, yanzu zan je in ɗauko."

Ya yi dariya har da riƙe ƙugu. "Wuta ta yi yawa? A Batsari? Wutar da ke zuwa ja kamar garwashi, ko ƙwan fitila ba ta cikawa? Ai in rabi injin ke so, rabin ake ba mu dama. Kai dai boko ya cika maka kai."

"Baffa, a jikinshi aka rubuta."

"To na ji. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma na ji."

"Ka gaya ma Baba."

"Zan gaya mashi. Tafi abinka."

Ban yarda da wannan "na ji" ba, don haka na koma na kwance filogin na jefa a aljihu. A wautata na ɗauka na rufe ƙofa ke nan. Na hau babur na kama hanya.

A Darini sai da na yi sallama gida uku kafin in sami na 'yar kafintan. Mijin ya fito, muka gaisa tun daga lafiyar iyali har ta dabbobi da labarin daji, raina na kan hanya amma ba dama in katse. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya ce ai masu sayen tsohon ƙarfe sun taya akwatin sau biyu, matar ce ta hana. Aka yi mani iso. A ƙarƙashin randa na same shi, ta ɗora randar a kai don kada sanyin ƙasa ya ci gindinta. Na yi mata bayani, daga bayan ƙofa ta ce ita ba ta san amfaninsa ba, ta riƙe ne kawai don hannun mahaifinta ya taɓa shi. Ta ce in ɗauka, ba ta son komai, sai dai in injin ya tashi a yi mata taɓarya da shi. Na ce an gama. Muka ɗaure shi a bayan babur da roba. Sai ga fura an damo, mijin ya rantse ba zan tafi ban sha ba. Na zauna na sha, na yi azahar tare da su, na yi godiya mai tsawo yadda ya kamata.

Ina shigowa gari na hangi tartsatsi a shagon mai walda. Duk Batsari an san mutumin nan ba ya kunna injinsa sai an kawo wuta mai ƙarfi. Gaba kaɗan na ga ƙwan wani shago yana haske fari tas da rana tsaka. Ashe gyara aka yi a kwanakin da babu ita, ta dawo da cikakken ƙarfinta. Na tsaya gefen hanya na kira Baffa, wayar tana ta ƙara bai ɗauka ba. Na sake kira, shiru. Lambar Baba tana cikin wayata, ni na saya masa wayar da hannuna, amma ban taɓa kiranta ba. Na buɗe ta, na dube ta, sai na sake kiran Baffa.

Tun daga kan kwana na ji ƙaurin. Ƙofar gidanmu cike da mutane, ana ta fifita da hula. A zaure ga liman, ga faifan goro da dabino, an taru a yi addu'ar buɗe sana'a. Hayaƙi bai gama fita ba. Na dubi bango, na ga wayoyin injin tsirara an cusa su a ramin soket, an danne kowacce da tsinken ashana. Filogin yana aljihuna. Ni da na tashi a garin nan, na ga ana jona dutsen guga haka, na ga ana jona fanka haka, ban san abin da ya sa na zaci rashin filogi zai hana kowa komai ba.

Maƙwabcinmu ya ba ni labari a gurguje. Ana kawo wuta Baffa ya aika a kira liman, yana cewa wutar garin nan ba ta jiran kowa, in aka tsaya sai wani makon. Aka yi addu'a, aka shafa, ya jona. Injin ya tashi da gurnani, Baba ya ɗora ƙarfe a kan ƙiryar, ɓawon itace ya fara tashi, mutane suka ɗauki kabbara. Ba a yi nisa ba hayaƙi ya turnuƙe, aka ji wata ƙara, ya tsaya.

Baffa na tsakiyar jama'a yana bayani. Ɗan kafintan ne ya cuce mu, ya sayar mana da mataccen inji. Wani ya ce ko baki ne, abu ya sha kallo tun jiya, Baffa ya ce shi ma ya yi wannan tunani. Na kwance akwatin daga babur, na rungumo shi, na dire shi a gabansa har ƙasa ta amsa.

"Baffa, ka gaya mashi?"

"Mi zan gaya mashi? Mutum na murna in je in karya mashi gwiwa da maganar littafi?"

Wallahi a lokacin da ba ƙanen ubana ba ne, ban san abin da zan yi ba. Liman ya yi gyaran murya ya ce kowane abu da rabonsa, mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗauki goro. Baffa ma ya tuna ya bar shago a buɗe.

Muka rage ni da Baba. Yana zaune a kan buzu, ƙarfen gurzar na kan cinyarsa, ɓawon itace a gemunsa da gaban rigarsa, rigar nan ta fita. Na durƙusa zan tashi kamar kullum, sai na ji ya yi magana. Na ɗaga kai na ga ni yake kallo, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo.

"Kai ka san zai ƙone?"

"Na sani, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun da safe."

Ya juya ƙarfen a hannunsa. "Da safe ai ina nan zaune."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa da hannun hagu, ya shiga gida.

Na kwance kan injin na kai Katsina wurin mai naɗin koyil. Ya duba ya ce zai yiwu, amma irin wayar sai an aiko daga Kano. Daga nan aka shiga gobe da jibi. In na je ya ce wayar ba ta iso ba, in na koma ya ce ta iso amma ba wuta, in na kira ya ce yana wurin biki. Kowane mako ina aika wa Baba saƙon an kusa, kuma kunya ba ta sake ni ba, ta bakin innarmu nake aikawa. Ita ce ta gaya mani ya daina sa riga ranar kasuwa. Gindin bedin nan wani mai robobi ya shimfiɗa kayansa a wurin. Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kwantar da Baba, kwana tara, bai tashi ba. Ba na cewa injin ne ya kashe shi, kwanansa ne ya ƙare. Amma na san abin da yake jira, na kuma san bai same shi ba.

Bayan sadakar arba'in mai naɗin ya kira ni ya ce aiki ya kammala. Na ɗauko, na ɗaura, na jona akwatin a bango, na jona injin a jikin akwatin. Ya tashi lafiya lau, da ƙyar ma ake jin ƙararsa. Ƙiryar Baba na nan a ɗaure inda ya bar ta, da zobe ɗaya da ƙarfensa ya fitar, faɗinsa bai fi yatsa biyu ba. Na bar ta ta yi ta juyawa ina kallo, don ban iya aikin ba. Matar Darini har yau ban kai mata taɓaryarta ba.

Baffa bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. A bakin tasha labarin da yake bayarwa shi ne wutar ranar ce ta zo da hauka. Ina gaishe shi, ina kai masa goron salla, amma in na ce na huce na yi ƙarya. Ina jin haushinsa, ina jin haushin ɗan kafintan, ina jin haushin dattawan da suka raba abin da ba ya rabuwa. Sai dai duk in na gama zagayen nan, a kaina nake tsayawa.

Ranar rabon gadon Baba aka fito da kayansa aka jera a zaure, gizago da gatura da dutsen washi da sauransu. Malamin da ke rabo ya nuna injin ya ce a sa shi gefe guda. Ya nuna baƙin akwatin da sandarsa ya ce wannan ƙarfen kuma a haɗa shi da gatura a wancan kashi. Baffa na zaune kusa da shi yana gyaɗa kai.

"Ba a raba su," na ce.

Ban san muryata ta yi ƙarfi haka ba sai da na ga duk an waiwayo. Baffa ya ce, "Kai, manya na magana."

"Na ji, Baffa. Ba a raba su. In aka raba, injin ƙonewa zai yi. A haɗa su a sa a rabona, a cire mani a wani wurin."

Malamin ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce to a haɗa. Aka jawo akwatin aka ajiye a gindin injin, aka wuce zuwa maganar tumaki. Ba wanda ya zage ni, rufin zauren bai faɗo ba. Duk maganar ba ta fi numfashi biyu ba, kuma a zauren nan na yi ta, kamu uku daga inda buzun Baba yake.